Shirin masunta ne ko tallar abincin kifi?

Ɗan Marma: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni dai jiya da haushi na kwana, shi ya sa na ce bari in kawo nan ku taya ni dubawa ko ni ne na fiye ƙorafi. Bayan isha'i muna shagon cajin waya a nan garinmu, mai shago ya kunna talabijin da solarsa, aka ce ga shiri na musamman a kan kifi. Har na tura yaro ya kira Baba tunda shi abin da ya sani kenan, tun kafin a haife ni yake shiga ruwa. Tsoho ya taso da sandarsa ya zo aka matsa masa a benci. Shirin minti talatin ne. Wallahi minti goman farko wani mutum ne da babbar riga yana zaga tankunan siminti yana ɗaga buhun abincin kifi, lambar waya tana ta wucewa a ƙasan allo, sai aka tafi talla, tallar ma ta buhun nan ce dai, aka dawo mai gabatarwa ya ce Alhaji mene ne sirrin nasararka, ya ce ai wannan abincin ne. Shi ke nan fa. Ba kogi, ba kwalekwale, ko ragar koma ɗaya ba mu gani ba. Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce da ni, kai da ka faɗa min kasuwa za a ci ai da na taho da kuɗi.

Abba Na Waya: Hhhhh wlh Baba ya gama magana 😂

Kawu Mai Taru: Wa alaikumus salam. Ɗana ba ƙorafi ka fiye ba, abin da ka gani haka yake. Ni ina bakin dam ɗin Tiga, kuma na yi wayo da zuwan majigi ƙauye, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan dagaci bayan magariba, a nuna yadda ake shuka a layi, yadda ake feshi, malamin gona yana tsaye yana bayani da bakinsa, ka tambaye shi ya ba ka amsa. Lokacin da aka gama dam ɗin nan a 1974 da yawa daga mutanenmu manoma ne zalla, ba su san ruwa mai zurfi ba, wurin baƙin masunta da suka zo da kuma ma'aikatan gwamnati muka koyi girman idon raga da inda bai kamata a saka ragar kalli ba saboda kututturan itatuwan da ruwa ya shanye. Rediyo ma a da in an ce filin manoma da masunta, to za ka ji ƙarar ruwa a bayan mai magana, ka san da ƙafarsa ya zo. Yanzu daga cikin ɗaki mai sanyi ake yi mana bayanin kogi.

Malam Na Firamare: Kawu Allah ya ƙara girma. Ni ɓangaren takarda nake so in taɓo, don shi ne ya fi mutuwa. A da in ka je ofishin gona na ƙaramar hukuma ba za ka fito hannu rabbana ba, akwai 'yan ƙananan littattafai da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS ta jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya take bugawa, wasu da Hausa, da zane a ciki, ga na KNARDA, hukumar raya aikin gona ta Kano, daga baya da aka yi Jigawa a 1991 ga na takwararta JARDA. Ina da guda ɗaya har yanzu a akwati a kan gina kududdufin kifi, bangonsa ya yage amma wlh ya fi min abin da nake gani yanzu amfani, don ya gaya maka zurfin rami, ya gaya maka irin ƙasar da take riƙe ruwa, ya ce ka dunƙula ƙasar a hannu ka jefa sama ka cafe, in ta watse to kada ka wahalar da kanka. Babu sunan kamfani ko ɗaya a ciki.

Sannan akwai wani abu da na lura. Ina da ɗabi'ar tsayawa wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa idan na shiga Kano, to a can na taɓa tsintar mujallun kamun kifi na Turawa, na Ingila da na Amurka. Tsofaffin cikinsu masu kauri ne, mutum ɗaya zai cika shafi shida yana bayanin kogi ɗaya, inda kifi yake kwanciya da rana, abin da yake ci a kowane wata, da zanen ƙullin zare kala-kala. Waɗanda suka fi kusa da yanzu kuwa sirara, ka buɗe nan tallar sandar fatsa, ka juya tallar jirgin ruwa mai inji, abin da ake kira rubutun ma in ka karanta sai ka ga yabon kayan da aka tallata a shafin baya ne. Kenan ciwon ba namu kaɗai ba ne, har can ya ci su.

Abba Na Waya: Toh Malam wa yake karanta mujalla yanzu dan Allah? Ni gsky ban ga abin kuka ba. Duk abin da kake so yana YouTube da TikTok, ka rubuta kiwon tarwaɗa kawai ka gani, har da Hausa akwai. Zamanin jiran ƙarfe takwas na dare a kunna rediyo ya wuce, ku yi haƙuri iyayena

Ɗan Marma: Abba kai kana Kano kana da netwok. Mu nan sai ka hau tudun bayan makaranta kafin saƙo ya fita. Kuma je ka rubuta min ciyawar kachalla a TikTok ɗin ka ga me zai fito maka.

Injiniya Wudil: Ku dakata, ni fa ina cikin waɗanda ake zagi a fakaice, don tanki huɗu gare ni a bayan gida 😅 Kada a mayar da kiwon kifi abin raini. Kogi ba ya iya ciyar da mutanen da muke da su yanzu, kowa ya sani, kifin da ake gasawa a bakin titi da daddare a Kano yawancinsa na kiwo ne. In gidan talabijin ya nuna mai tanki ai bai yi laifi ba.

Amma in gaskiya za a bi, ni ma irin shirin nan ne ya kai ni ya baro. Shekara uku da suka wuce na kalli wani, aka ce zuba kifi dubu ɗaya ka kwashe dubu ɗaya a wata huɗu, lissafi a kan allo kamar kuɗin suna aljihuna. Na sayar da bijimi na sayi 'ya'yan kifi dubu. Babu wanda ya ce min tarwaɗa tana cin 'yar uwarta. Ashe a cikinsu akwai masu saurin girma, in ba ka ware su duk bayan sati biyu ko uku ba to su za su riƙa haɗiye ƙananan, ni kuwa ina ta watsa abinci ina murna wai kifina suna da ci. Ranar da na zubar da ruwa na ƙirga ban samu ɗari shida ba, wasu ƙattai kamar damtsena wasu kamar yatsa. Zagaye na biyu kuma ruwa ne ya ci ni, injin ya lalace kwana uku ban canza ba, na fito da asuba na tarar da su a tsaitsaye a saman ruwa baki sama, ga wani wari yana tashi. Wani dattijo mai tanki a unguwarmu ne ya zo ya ce maza rage ruwan ka zuba sabo, kuma kada ka ba su abinci yau. Wannan maganar ta minti ɗaya ita ce ba a faɗa a shirin minti talatin ba. Kuma ba za a faɗa ba, don mai sayar da abinci ba zai biya kuɗi a ce wa mutane su yi wa kifi azumi ba. Abinci fa shi ke cinye fiye da rabin jarin mai kiwo, buhu kilo 15 ne, ka fara da mai ƙananan ƙwaya 2mm ka hau 3 ka hau 4 har 6, kowane mataki kuɗi ne.

Kawu Mai Taru: Allah ya mayar da alheri Injiniya. Ka ga kai ma ka dawo layinmu.

Injiniya Wudil: Amin Kawu. Ban dawo duka ba dai, ƙafa ɗaya ce 😄

Tsohon Ɗan Jarida: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma tunda sana'ata ake yanka bari in kawo wuyana. Na yi shekaru ina haɗa shirin karkara a wani gidan rediyo, ba zan faɗi suna ba. Abin da kuke faɗa gaskiya ne, sai dai ku sani ba lalaci ne kawai ba. A da shirin gona da su gidan ne yake ɗaukar nauyinsa ko hukumar gona, a ba ka mota da direba da mai, ka kwana biyu a ƙauye ka dawo da kaset cike. Daga baya aka ce kowane fili ya nemo kuɗin kansa. To da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka lissafa man da za ka ƙona daga Dutse zuwa Guri ka dawo, da damina ma wani wurin sai ka bar mota ka hau kwalekwale, ga dizal ɗin janareton tasha, ga mai ɗaukar hoto in talabijin ne. Masunci ba zai sayi minti talatin ba. Mai kamfanin abincin kifi zai saya, kuma zai aiko mota ta ɗauke ka, a ba ka lemo mai sanyi da ɗan na cefane. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ni da kaina na taɓa kai shawarar mu yi sati huɗu a kan kachalla, shugabana ya ce to wa zai biya, kachallar?

Ɗan Marma: Yawwa Baba Ɗan Jarida, nan nake so a zo. Don wanda bai sani ba, kachalla ciyawa ce doguwa mai kai kamar gero da take fitowa a ruwa, ta fi mutum tsayi, saiwarta a sarƙe. Dattawanmu sun ce da can ba ta da wannan ƙarfin, saboda kogi yana cika da damina ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta tsage. Da aka yi Tiga, aka zo aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992, sai ruwa ya zama yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, ita kuwa abin da take so kenan, ƙafarta a jiƙe kullum. Yanzu ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Guri da Kirikasamma har zuwa Nguru, inda ake son ruwa ba ya zuwa, inda ba a so ya kwanta a gonakin mutane. Ba ka iya jefa ragar birgi a cikinta, kwalekwale ba ya ratsawa sai an sassare hanya, ga tsuntsaye jan baki sun samu gidan kwana suna fitowa su cinye shinkafa da gero. Mutanen gari su ke haɗuwa da lauje da adda su shiga ruwa har ƙirji suna yanka, ga matsattsaku ga sauro. Wannan ba labari ba ne? Amma sai ambaliya ta zo irin ta 2020 da 2022 sannan za ka ga kyamara, a ɗauki gidan da ya rushe da mata suna kuka a koma.

Maman Khalifa: Sannunku da hira. Ni tun ɗazu nake ji ana ta masunta masunta, mai tanki mai tanki, to wa yake gyara kifin in an kamo? Ko a zamanin da Kawu yake yabo ban taɓa ji an zo an tambayi mai banda ba. Ni a Hadeja nake, sana'ar da na gada wurin kakata kenan. Kifi in ya fito ruwa awanni kaɗan gare shi, in ba a fasa cikinsa an wanke an lanƙwasa an jera a kan waya ba to asara ce. Wuta ma ba kowace iri ba, in ta yi yawa waje ya ƙone ciki ɗanye, bayan kwana uku ya fara tsutsa a kwali. Idona yanzu ba na iya zura zare a allura saboda hayaƙi. An ce akwai murhun banda na zamani da ba ya cin itace sosai kuma hayaƙin ba ya dawo maka fuska, sau ɗaya na ga an nuna a talabijin, wani babban mutum ya yanke ƙyalle aka tafa, ba a faɗi yadda ake ginawa ba balle kuɗinsa. Sannan abin da ya fi damuna, akwai masu fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada ya yi ƙwaro kafin ya isa kudu, mutane su saya su ci. Wannan ai shi ya kamata a yi ta faɗa a rediyo safe da yamma.

Malam Na Firamare: Gaskiyarki Hajiya, mun yi laifi. Mu ma da muke kukan an manta da mu ga shi mun manta da ku.

Abba Na Waya: Toh amma ai ana nuna Argungu duk lokacin da aka yi, kai tsaye ma. Na 2020 na kalla, wanda ya ci kifinsa kilo 78, ba su ba ne wannan?

Kawu Mai Taru: Abba, bikin Argungu abin alfahari ne, tun 1934 ake yinsa, ba mai raina shi. Amma biki ne. Mutum dubbai su ruga cikin kogin Matan Fada da koma da gora, a yi awa guda a fito, ruwan ma an hana taɓa shi duk shekara saboda ranar. Kuma ko a nan ɗin ka lura da kyamara, rabin lokacin tana kan rumfar manyan baƙi, wane ya iso wane ya zauna. Giwan ruwan da ka gani a kan sikeli ni rabon da in kama mai rabin girmansa har na manta. Wanda ya kalli wannan ya ce ya san rayuwar masunci, kamar wanda ya kalli hawan sallah ne ya ce ya iya kiwon doki.

Injiniya Wudil: Ni na Turawan nan ne ke ba ni dariya a dish. Mutum ya sha wahala awa biyu yana ja, kiɗa yana tashi kamar fim ɗin yaƙi, ya fito da kifi ƙato, ya sumbace shi, a ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa!! Matata ta ce wannan ko dai ba shi da iyali ko kuma ba shi da lafiya.

Malam Na Firamare: Hhh Injiniya su wasa ne a wurinsu, kuma wani wurin doka ce ta sa, akwai girman da in kifi bai kai ba dole ka sake shi, akwai watannin da ba a kamu sam. Wannan ɓangaren kam da za mu ara da mun ci riba. Amma su ma na da can sun fi koyarwa, mutum zai zauna a bakin ruwa ya nuna maka yadda ake ɗaura ƙugiya a hankali. Na yanzu ihu ne da faɗa tsakanin ma'aikatan jirgi, da sunan kamfani a hula da riga da jikin jirgin, kifin ma sai ƙarshe-ƙarshe.

Ɗan Marma: Jama'a na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, ya ce in rubuta nasa tunda shi ba ya iya danne-danne. Ga shi yadda ya faɗa:

Ka gaishe min da su. Ka ce da mai tanki ba faɗa muke da shi ba, kowa da rabonsa. Amma ka tambayar min masu shirin nan, a cikinsu wa ya san bargi yana yin sheƙa a cikin ciyawa kamar tsuntsu in ruwa ya hau, wa ya san karfasa a baki take goyon ƙwanta, wa ya san gaiwa tana shiga laka ta kwana rani guda a bushe sai an yi ruwa ta fito. Mu da muna yara in sabon ruwa ya shigo fadama tarwaɗa ta hau ciyawa za ta yi ƙwai, sarkin ruwa yana hana shiga wasu wuraren, kuma ba mai tsallake maganarsa. Yanzu yaro zai ɗauko gidan sauron da aka raba a asibiti ya ja a ruwa ya kwashe har wanda bai kai farce ba, wani ya tare hanyar ruwa gaba ɗaya da shingen dumba, wani ya zuba gubar gamalin da daddare kifi ya taso fari fat har da kwaɗi. Kifaye irin su yauni da tsage da ragon ruwa jikokina sai dai su ji suna. Da rediyo na faɗa ana tsoro, don in an ambaci garinku an ce ana zuba guba kunya ta ishi dagaci. Ni ban iya karatun boko ba amma abin da ke kaina in na mutu ya tafi, ba wanda ya zo ya tambaya.

Iyakar abin da ya ce kenan, sai ya juya ya ci gaba da ɗinkin ragarsa.

Maman Khalifa: Allah sarki Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Tsohon Ɗan Jarida: Wallahi jikina ya yi sanyi. Ɗana, wayarka tana ɗaukar murya ai? Ka zaunar da shi gobe bayan la'asar, wurin da ba iska, ka ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, kada ka katse shi, ka fara da tambayarsa sunayen kifi ɗaya bayan ɗaya da watan da kowanne yake ƙwai. Minti goma-goma ya isa don ya turu. Ka turo min ni zan gyara in yanke. Ban yi alkawarin za a sa a tasha ba, na san halin gidan, amma ina da yaran da na koya wa aiki, zan gwada.

Abba Na Waya: In an gyara a ban ni ma in ɗora. Kun ga dai a ƙarshe wayar da kuke zagi za a dawo 😎

Malam Na Firamare: Ba wanda ya zagi waya Abba, abin da ke cikinta muke magana. Kuma kada ka sa masa kiɗan nan naku a baya.

Injiniya Wudil: Af, na ma manta abin da ya sa na buɗe waya tun farko. Mutanen Ringim da Hadeja da ƙasa, yanzu na tsallako gadar Wudil, ruwa ya ƙaru sosai a kan na shekaranjiya, ya yi ja kuma yana tafe da ciyayi da itace. Ban ji an yi sanarwa ba amma idona ya gani. Mai raga a ruwa ya san abin yi.

Kawu Mai Taru: Nan ma sama an kwana ana ruwa, kwana biyu a jere.

Ɗan Marma: Kai Injiniya Allah ya biya ka, kalli uku gare mu a ruwa da mamari ɗaya, igiyar nan mai jerin ƙugiyoyi. Bari in sauka daga tudun nan in je in gaya wa su Yaya, cajina ma saura 4. Baba Ɗan Jarida taƙi ɗaya ka ce ko biyu?

Tsohon Ɗan Jarida: Ɗaya. Kuma ka kore kaji daga wurin.